Na'ura Ta Shiga Jami'a: Wa Zai Riƙe Amanar Maki?



A wannan fitowa filinmu zai leƙa jami'a, inda gidaje da yawa daga cikinmu suke da ɗa ko ɗiya. Uba ya sayar da hatsi ko bisa, uwa ta kwashi adashi, an tura yaro Yamai ko Maraɗi ko Ngaundere, ana jiran ranar da zai komo da difloma. Tsakanin tafiyarsa da komowarsa akwai abu guda da makomarsa ta rataya a kai, shi ne maki. Yau kuwa malamin da ke koyar da shi, yana kuma ba shi makin, ya sami abokin aiki, wato kwamfuta da intanet. Ya kamata iyaye su san abin da wannan baƙo ya iya da abin da bai iya ba, tun kafin a yanke wa 'ya'yansu hukunci da shi.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ake bukatarsa. Jami'ar Yamai ta soma a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Shekaru da dama ita kaɗai ce jami'ar gwamnati a Nijar. A 2010 aka kafa ta Maraɗi da ta Tawa da ta Damagaram, a 2014 aka ƙara ta Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Duk da haka masu cin jarrabawar bak sun fi kujeru yawa. Malami guda yakan tsaya gaban ɗaruruwan ɗalibai, na baya ba su jin muryarsa, in an yi jarrabawa kuma ya ɗauki takardu tuli guda ya tafi gida. Gyaransu yakan ci makonni, sakamako ya yi jinkiri, shekarar karatu ta hau kan wadda ke biye da ita.

Sai kuma tsarin LMD, wanda ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta su bi a 2007: lisansi shekara 3, masta shekara 2, doktora shekara 3. An raba kowace shekara zango biyu, kowane zango da kiredi 30, sai ɗalibi ya tara 180 kafin ya sami lisansi. Wannan tsari yana son gwaji a kai a kai cikin zango, yana kuma son lissafi mai tsabta, domin ɗalibi yakan ci wani darasi ya bar wani a matsayin bashi. In ana riƙe lissafin dubban mutane da biro da rajista, kuskuren kwafar lamba guda ya isa ya sa yaro ya maimaita shekara. A nan amfanin na'ura a fili yake: maki ya shiga sau ɗaya, ɗalibi ya gani a wayarsa, duk wanda ya taɓa shi kuma a san ko wane ne da lokacin da ya taɓa.

Ta fannin koyarwa ma akwai alheri. Manhajar Moodle, wadda wani ɗan Ostareliya mai suna Martin Dougiamas ya fitar a 2002, kyauta ake samunta, jami'o'i da yawa a duniya da ita suke aiki. Malami yana ajiye darasinsa a ciki, rubutacce ko da murya, ya sa ranar da za a miƙa aiki, ya tara tambayoyi masu yawa waɗanda na'ura za ta gauraya ta ba kowa nasa. Ɗalibin da bai sami wurin zama ba zai saurari darasin da dare, ya maimaita sau uku in ya so. Matar aure mai goyo da ma'aikacin da aka tura ƙauye ba za su yanke karatu ba. Kuɗin fotokofi kuma ya ragu.

Maƙwabta sun riga sun gwada hanyoyi dabam-dabam, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Senegal ta kafa jami'ar intanet a 2013, wadda a yau take ɗauke da sunan Cheikh Hamidou Kane. Ba ta bar ɗalibi shi kaɗai da waya ba, ta buɗe cibiyoyi a garuruwa inda zai je ya sami wuta da intanet da wanda zai yi wa tambaya. Kamaru ta bi wata hanya: a 2016 aka sanar da shirin raba wa ɗalibai kwamfutoci 500,000 cikin wani aiki na miliyar 75 na sefa da bashin ƙasar Sin, aka fara rabon a ƙarshen 2017. Kyauta ce babba, amma kwamfuta a hannu ba ta koyar da kowa in babu darasi a cikinta, babu kuɗin intanet, babu malamin da aka horar. A Najeriya hukumar JAMB ta fara jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita duka haka a 2015. Sakamako ya riƙa fitowa da wuri, hanyar satar takardun tambaya ta ƙuntata. Amma a watan Mayu na 2025 shugaban hukumar ya fito ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000, aka sake musu jarrabawa. Malami in ya yi kuskure yakan cuci mutum ɗaya ko biyu, na'ura kuwa in ta yi nata sai ta haɗa da dubbai a sa'a guda. Abin da ya ceci yaran nan shi ne iyaye da ɗalibai sun yi ƙorafi, an kuma sami wanda ya saurara.

Mu dubi abin da na'ura take iya gyarawa. Tambayar da aka jera amsoshi huɗu a zaɓi ɗaya, wannan tana gamawa kafin ƙiftawar ido, ba ta gajiya, ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar goro. Wannan ba ƙaramar kariya ba ce, musamman ga 'ya'yanmu mata, domin inda sunan mai takarda yake ɓoye, mai mugun nufi ba shi da abin riƙewa ya yi ciniki da shi. To amma ilimin jami'a ya wuce zaɓen amsa. Mai koyon likita sai an ga yadda yake duba majinyaci, mai koyon shari'a sai an ji yadda yake jera hujja, mai shirin zama malamin lakwal sai an gan shi gaban allo. In jami'a ta mayar da dukan jarrabawarta ta canki-canka don sauƙin gyara, za ta yaye masu hadda da masu sa'a, al'umma ce kuma za ta biya kuɗin a asibiti da kotu da aji.

Ga kuma sabuwar fitina. Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, ɗalibi yana iya samun rubutu mai shafi goma cikin Faransanci mai kyau ba tare da ya buɗe littafi ba. Manhajojin da ake cewa suna gano irin wannan rubutu ba abin dogaro ba ne. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye tasa a watan Yuli na 2023 saboda yawan kuskurenta. Saboda haka zalunci ne a kori yaro kan shaidar na'ura kaɗai, sakaci ne kuma a karɓi kowane rubutu ido rufe. Maganin yana cikin abin da muka gada a zaure. Malamanmu ba su ba da ijaza don almajiri ya kawo takarda. Sai ya zauna, ya karanta, an tare shi da tambaya, ya warware da bakinsa. Minti goma na tambaya baki da baki a kan aikin da ɗalibi ya miƙa sun isa su raba mai abu da mai aro.

Ba za mu manta da talaka ba. Lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, darussa da yawa sun koma WhatsApp, wanda ba shi da babbar waya ko kuɗin intanet aka bar shi a baya. A watan Agusta na 2023 kuma, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, an yi watanni ana fama da duhu kafin a maido ta a 2024. Jarrabawar da za a yi daga gida a irin wannan hali aljihun uba za ta auna kafin ta auna kan ɗa.

Don haka muna kira ga shugabannin jami'o'inmu da abubuwa huɗu. Jarrabawa mai yanke hukunci a yi ta a zauren jami'a, da na'urorin jami'a, da wutar rana ko janareto a ajiye. Kowane ɗalibi ya sami damar ganin takardarsa da neman mutum ya sake dubawa cikin kwanaki sanannu. A horar da malamai kafin a sayo kaya. A kuma shirya darussa marasa nauyi, waɗanda ƙaramar waya za ta iya saukewa a karanta ko babu intanet.

Mu iyaye kuma namu aikin yana nan. In za mu saya wa yaro waya ko kwamfuta, mu tambaye shi abin da ya karanta da ita a wannan mako, ya bayyana mana da Hausa. Wanda ya fahimta ba zai kasa ba. Mu ce ya adana hoton kowane sakamako da rasit na kowane rajista. Mu gaya masa tun yana shekarar farko cewa difloma shaida ce, wanda ya same ta da ha'inci kuwa ya ɗauki shaidar zur zai ci abinci da ita har tsufansa. Kada mu zama masu neman wanda zai gyara wa ɗanmu maki ta bayan fage, sannan mu dawo muna kukan lalacewar ƙasa.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, ya ba malamansu ikon riƙe amana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Wassalamu alaikum.