Kafin Ka Danna Maɓalli, Ka San Wace Irin Matsala Ce A Gabanka

Wani abokina ya shafe kusan wata guda yana shawarar wayar da zai saya. Ya kalli bidiyoyin masu gwajin waya a YouTube har datarsa ta ƙare sau biyu, ya zaga kasuwar Farm Centre ya ɗaga wannan ya ajiye waccan, ya hana mu sakat a guruf da tambayar Tecno ko Redmi. Daga ƙarshe dai ya saya. Ba a yi wata biyu ba wayar ta fara nauyi, sai wani ya nuna masa yadda ake kashe ta, a danne maɓallin wuta da na murya a tare, a goge komai ta dawo sabuwa. Ko minti biyu bai yi yana tunani ba ya danna. Da wayar ta tashi sai ta ce a kawo adireshin Gmail da kalmar sirrin da ke kanta a da. Shi kuwa wani yaro ne a unguwarsu ya buɗe masa, bai taɓa sanin abin da aka rubuta ba. Hotunan bikin ƙanwarsa suka tafi, wayar kuma ta kulle.

Wannan kullewar ba lalacewa ba ce. Tsari ne da Google ya saka tun Android 5.1 a shekarar 2015, don kada ɓarawo ya goge wayar sata ya ci gaba da amfani da ita. Tsarin ya yi aikinsa, sai dai a kan mai wayar ya yi shi.

Lissafin ne ya tsaya mini a rai. Wata guda a kan shawarar da ko ya kuskure zai iya sayar da wayar ya cika kuɗi ya canza wata, minti biyu a kan wadda ba ta da gyara. Manya suna yawan cewa mu matasa mun cika gaggawa. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Muna da haƙuri, muna kuma da sauri, sai dai muna kai kowanne inda ba wurinsa ba.

Ni ma ba tsira na yi ba. Farkon fara rubuta manhajata, na haɗa wa wani ɗan kasuwa 'yar manhajar rubuta bashi. Na yi kwana da kwanaki ina canza launin maɓalli, yau kore gobe shuɗi. Amma daren da zan sauya tsarin rumbun bayanan ban ajiye kwafi ba, na tura umarni guda ɗaya, bashin mako uku ya ɓace. Sai da muka zauna da tsohon littafinsa da saƙonnin wayarsa muna harhaɗawa, akwai waɗanda har yau ba a san nawa ake bin su ba. Launin maɓallin kuwa babu wanda ya taɓa magana a kansa.

Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon, ya taɓo wannan a wasiƙarsa ta shekarar 2015 ga masu hannun jarin kamfanin. Ya kwatanta shawara da ƙofa iri biyu: wadda idan ka shiga ba ka ji daɗi ba za ka juyo, da wadda da zarar ka wuce ta rufe a bayanka. Shi kukansa manyan kamfanoni suna ɓata lokaci a bakin ƙofar da ake iya dawowa. A wayarka ma haka ƙofofin suke. Canza manhajar rubutu, gwada sabon burauza daga Play Store, sayen datar kwana ɗaya, duk waɗannan ka shiga kawai, in ba su yi ba ka fito. Amma tura kuɗi, karanta wa wani lambar OTP, goge waya, aika hoton da ba ka so a gani, waɗannan ba su da hanyar dawowa.

Sai dai wannan rabon ya gaya maka tsawon lokacin da za ka ɗauka ne kawai, bai gaya maka ta ina za ka bi ba. Nan ne na fi amfana da wani tsari mai suna Cynefin, wanda Dave Snowden ya fara fitarwa a 1999 lokacin yana aiki a IBM, daga baya shi da Mary Boone suka yi bayaninsa a mujallar Harvard Business Review a 2007. Don shugabannin kamfanoni aka rubuta shi, amma ya zauna daram a kan waya. Abin da yake cewa a taƙaice: wata matsalar an riga an san maganinta, wata sai masani, wata babu wanda ya san amsarta sai an gwada, wata kuma gobara ce.

Ta farkon ba ta buƙatar hikimarka. Ma'ajin waya ya cika, ka shiga WhatsApp ka rage bidiyoyin guruf. Waya ta faɗa ruwa, ka kashe ta, kada ka sa mata caji, ka bar ta ta bushe. Binne ta a buhun shinkafa al'ada ce kawai, Apple ma ya rubuta a shafinsa cewa a daina. Ta biyun kuma ita ce irin batirin da ya kumbura ya ɗaga murfi, ko wayar da ta daina karɓar caji bayan an canza waya da kan caja. Amsa tana nan, amma sai an buɗe an auna. Abin da muke yi maimakon haka shi ne mu jefa tambayar a guruf, mutum goma su ba da amsa goma, mu ɗauki ta wanda ya fi iya magana. Batirin da ya kumbura ba a yi masa ƙuri'a, yana iya kamawa da wuta. Mai gyara za ka kai wa, yau ba gobe ba.

Ta ukun ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ɗauki tambayar da ba ta ƙarewa: MTN, Airtel ko Glo, wanne ya fi sabis? Ana musu a kan wannan kamar musun ƙwallo, alhali tambayar ba ta da amsa ɗaya. Ƙarfin sabis ya danganta da nisanka da eriya, yawan mutanen da ke kanta a lokacin, kaurin bangon ɗakinku, da irin zangon da wayarka ke kamawa. Wanda ke layin bayanku ma ba lallai amsarsa ta yi maka ba. Babu karatun da zai warware maka, babu masanin da zai faɗa maka daga nesa. Ka sayi 'yar ƙaramar data a kowane layi, ka gwada a ɗakin da kake kwana da ƙarfe tara na dare, lokacin da kowa ya hau, sannan ka zuba kuɗin wata. Masu sayar da kaya a Instagram da TikTok su ma nan matsalarsu take. Wane lokaci ya fi dacewa a ɗora, wane irin bidiyo ne zai tafi? Wanda ya ce maka ya san sirrin, sayar maka da aji yake son yi. Ka ɗora iri uku a mako guda ka duba lambobinka da kanka.

Amma gwaji yana da sharaɗi: ya kasance ƙarami, wanda idan ya faɗi ba zai tafi da kai ba. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani sabuntawa mai kuskure ga kwastomominsa a lokaci guda. Microsoft ya ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8.5 masu Windows ne suka durƙushe. An soke tashin dubban jirage, asibitoci da bankuna suka tsaya, da yawa kuma sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu aka gyara. Bayan abin ya faru kamfanin ya yi alkawarin riƙa sakin irin wannan sabuntawa kashi-kashi. Ko ni da nake aiki daga ɗakina, Play Store yana ba ni damar sakin sabuntawar manhaja ga kashi kaɗan na masu amfani da ita, in ga yadda ta kaya, in dakatar idan ta kawo matsala. Don haka idan waya ɗaya gare ka kuma da ita kake neman abinci, ba dole ba ne ka zama na farkon ɗora babban sabuntawar Android ranar da ya fito. Bari wasu su ɗanɗana tukuna.

Akwai kuma inda gwaji haramun ne. Ka kuskure lambar PIN ta sim sau uku, zai nemi PUK. Ka yi ta cankar PUK har sau goma, sim ɗin ya mutu kenan. Na san masu zama suna canka, wai ko za a dace. Lambar tana jikin katin da aka ɓalle sim ɗin daga ciki.

Sai gobara. An fizge maka waya a cikin adaidaita sahu. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu ari waya mu yi ta kiran layin, mu tsaya tunanin wa ke zaune kusa da mu, mu sa a yi mana sanarwa a Facebook. Duk wannan lokacin sim ɗin da ke haɗe da asusunka yana hannun wani, kuma cire kuɗi ta lambobin USSD ba ya buƙatar a buɗe wayar, a zare sim a sa a wata kawai. Nan ba wurin nazari ba ne. Ka toshe asusu, yawancin bankuna suna da lambar da ake dannawa daga kowace waya. Ka kira kamfanin layi su rufe shi. Ka shiga shafin Google na nemo waya ka kulle ta. Kullewa na ce, ba gogewa ba, don idan ka goge daga nesa ka daina ganin inda take. Bayan nan sai ka numfasa, ka ɗauki lambar NIN ka je a yi maka sabon sim da lambarka, ka sake buɗe WhatsApp, wanda hakan zai fitar da ɓarawon daga ciki.

'Yan damfara sun fi mu sanin wannan rabe-raben. Duk sana'arsu ita ce su mayar da matsalar da aka san amsarta ta koma gobara a idonka. Za a kira ka, "Ranka ya daɗe, daga banki ne, nan da minti goma za a rufe asusunka, karanto mana lambar da ta shigo." Amsar wannan sananniya ce: banki ba ya tambayar OTP ko PIN, ka kashe wayarka. Amma da zarar zuciya ta buga sai mutum ya ɗauko dokar gobara, wato a yi sauri, ya yi amfani da ita a bakin ƙofar da ba a dawowa. Yadda nake bambancewa shi ne in duba abin da ake so in yi. Gobarar gaske rufewa take nema, toshe asusu, kulle waya, kuma duk abin da ka rufe gobe za ka iya buɗewa. Ta ƙarya kullum so take ka buɗe, ka bayar, ka tura.

Wani zai ce wa ke da lokacin tantance irin matsala alhali hankalinsa a tashe yake. Gaskiya ne, babu. Shi ya sa aikin na lokacin kwanciyar hankali ne. Ka samu takarda, ba cikin wayar ba, ka rubuta adireshin Gmail da kalmar sirrinsa, lambar IMEI da za ka gani idan ka danna *#06#, lambar PUK, da lambar toshe asusun bankinka. Ka sa wa sim ɗinka PIN, ka kunna lambar tsaro ta biyu a WhatsApp. Duka ba za su ci minti ashirin ba.

Abokin nawa dai sai da ya biya aka yi wa wayar filashin, aka buɗe masa sabon Gmail. Makon jiya na tambaye shi ko ya rubuta kalmar sirrin a wani wuri. Ya ce tana wajen mai gyaran.