Kalmomin Turanci da Waƙoƙin Homa

'Yan'uwa ɗalibai da malamai, ina da 'yar magana a kan yadda muke koyon kalmomin Turanci in an ɗora mu a kan waƙoƙin Homa, mawaƙin nan na ƙasar Girka, wadda Larabawa ke kira Yunan.

Waƙoƙin biyu ne, Iliyad da Odisi, kowace an kasa ta kashi 24. Ta fari ta haura layi 15,000, ta biyun kuwa 12,000, kuma galibin masana sun ce an tsara su wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Da Girkanci aka yi su. Watau Turancin da ke hannunmu fassara ce, shi ma Bature aro ya yi.

Sa'ad da na fara karatun Iliyad, sai na sayi littafin rubutu, na jera baƙin kalmomi, na yi ta hadda har mako uku. Ran da malam ya ce in ba da labarin faɗan Akilis da Hekta, wallahi sai na yi tsuru-tsuru. Kalmomin suna nan a kaina, amma ban san wa ya kashe wa ba. To, ina amfanin wannan wahala?

Abin da ya buɗe mini ido shi ne hawan salla a ƙofar Lamiɗo. Ina tsaye ina kallon mahaya, ga masu sulke, ga kwalkwali, ga masu, ga takubba, ga maroƙa suna ta zuba kirari. Sai na ga ashe yawancin kalmomin da suka gagare ni sunayen kayan nan ne da na sani tun ina yaro. Kirarin ma haka. Homa ba ya cika ambaton jarumi ba tare da laƙabinsa ba: Akilis an san shi da saurin ƙafa, Odisiyas da yawan dabara. Wani masani Ba'amurke, Milman Parry, ya tafi Yugoslabiya a 1933 don ya saurari mawaƙan baka, ya tabbatar da cewa irin wannan maimaici al'adar waƙar baka ce. Da a Yola ya sauka, ina tsammani da bai sha wuyar nema ba.

Haka nan Odisi, rabinta zancen jirgi ne da iska da tuƙi. Wanda ya taɓa zama bakin Binuwai a Jimeta da damina, ya ga masu kwale-kwale suna fama da ruwa, ya riga ya sami abin da zai rataya kalmomin a kai.

Na san wani zai ce ai da Turanci ake jarrabawa, ba da Hausa ko Fillanci ba. Gaskiya ne, ban kuwa ce a jefar da ƙamus ba. Amma ku dubi malamanmu na zaure in suna biya Ishiriniya. Ba sa ba almajiri jerin kalmomi ya tafi da shi. Baiti ake karantawa, a fassara kalma a inda take zaune, kana a wuce. Shi ya sa dattijo ke tuna ta har tsufa.

Wani abu kuma, a lura da fassarar da ake miƙa wa mai fara karatu. Ta Alexander Pope, wadda ya gama a 1720, ko ɗan Ingila na yau sai ya yi gumi a kanta. Ga ta E. V. Rieu ta Odisi, wadda ta fito a 1946 a zube, ba waƙa ba, ga kuma ta Emily Wilson ta 2017 da Turanci sassauƙa. Da ɗayansu ya kamata a soma.

Mu ne za mu tsaya gaban yara gobe a Girei ko Fufore ko Numan. Shawarata ita ce a fara ba su labarin da harshen da suke ji, daga nan a karanta Turancin shafi guda, kalmar da ta tsaya a wuya a nemi 'yar'uwarta a gida. Ni dai sabon littafin rubutuna layi uku na ja masa: Turanci, Hausa, Fillanci.