Wa Ya Ce Shara Ce?

Bara, ƙanena ya kwana uku yana ƙera mota da gwangwanin madara da waya, ya yanko tayoyinta daga tsinkakken silifa. Ya kai ta makaranta a matsayin aikin hannu. Malamin ya wurgar da ita ta taga, ya ce gobe ya zo da tsintsiya ko kuɗinta. Tun daga ranar yaron bai sake taɓa gwangwani ba. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ina tuhumar mu 'yan boko da raina hikimar da muka buɗe ido muka tarar. Duk wanda ya ci kasuwar Talata Mafara ranar Talata ya ga gugar da aka ɗinka da tsohon tif na mota, da takalmin taya, da tukunyar da aka zuba daga narkakken gwangwanin lemo. Fitilar aci-balbal da kakanninmu suka yi hira a haskenta a Bakura da Maradun, me aka yi ta da shi in ba gwangwani ba? Manomin da ke ban-ruwa a filayen Bakolori bai san adadin abin da maƙeri ya farfaɗo masa daga mataccen ƙarfe ba. Amma mun kira su 'yan bola, mun toshe hanci.

Ga El Anatsui, mutumin Gana da ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975. Murafun kwalabe yake dakewa, a ɗinke su da wayar tagulla su zama kamar makeken gwado. A 2015 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Benis a Italiya, a 2023 kuma aikinsa ya cika babban zauren Tate Modern a Landan. Da a lungunmu ya tashi, ina jin tsintsiya za a ce ya kawo.

Za a ce mini cikin 'yan gwangwan akwai masu kwance ƙofofi da wayoyin jama'a. Akwai su, kuma ɓarawo ɓarawo ne, a hukunta shi. Amma wa ya taɓa rufe mahauta don an saci akuya? Hujjar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta guba. Bayan yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, ba wani Bazamfare da zai yi wasa da narka tsohon batir kusa da tukunyar abinci. Maganin wannan koyarwa ne, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tana nan cikin garin Mafara. Me zai hana ta gayyato maƙeran, ta nuna musu abin da ke kisa, su kuma su nuna wa ɗalibanta yadda ake zubi?

Motar ƙanena dai na tsinto ta a bayan aji. Taya ɗaya ta ɓace, sitiyarin yana juyawa.