Hasken rana kyauta ne, amma wa zai biya kuɗin tashoshin Parakou da Djougou?



Shekaru ke nan muna jin labarin tashoshin lantarki huɗu masu aiki da hasken rana da za a gina a Jamhuriyar Benin: megawat 15 a Parakou, 10 a Djougou, 10 a Natitingou, 15 a Bohicon. Shirin ya fito ne daga yarjejeniyar dala miliyan 375 da Benin ta ƙulla da hukumar MCC ta Amurka a 2015. A 2022 aka sa hannu da kamfanin GreenYellow na Faransa. Wa'adin MCC ya ƙare a 2023, tashoshin ba su tashi ba. Sai a 2025 aka sanar cewa Axian Energy da Sika Capital sun karɓi aikin, da rancen IFC da Proparco.

Me ya kawo wannan jinkiri, alhali rana ba ta taɓa yi wa arewacin Benin rowa ba? Kuɗi ne. Tashar gas tana cin kuɗi kullum wajen sayen makamashi. Ita tashar sola kusan duk kuɗinta ana zuba shi tun farko, sannan a riƙa maido shi da kaɗan-kaɗan cikin shekaru kamar ashirin. Saboda haka abin da ke yanke farashin wutar shi ne tsadar kuɗin da aka ranto. A nan bankunan zuba jari ke shigowa: su ƙiyasta ribar aikin, su haɗa masu ba da rance da masu hannun jari, su tsara yarjejeniyar da kamfanin SBEE zai riƙa sayen wutar, su nemi lamunin gwamnati idan SBEE ya gaza biya. Duk abin da aka ƙara na ruwa a teburinsu, ƙarshensa yana kan mitar mai walda a Parakou da mai injin niƙa a Djougou.

Ba mu musun amfanin aikin. Ƙasar da ta daɗe tana dogara da wutar Najeriya da Ghana tana da buƙatar tata. Kuma da yake Sefa a ɗaure take da Yuro, rancen Turai bai da haɗarin da 'yan'uwanmu na Najeriya suka gani lokacin da Naira ta faɗi.

Abin da muke tambaya shi ne, don me ba a buɗe wa mutanen yankin ƙofar mallaka ba? Tashar sola dukiya ce da ido ke gani, ga fili, ga faranti, ga mai saye a shirye. Irin wannan ita ta fi dacewa da sukuk na ijara: jama'a su sayi kaso na tashar, a ba da ita haya, su ci kuɗin hayar, ba riba ba. Senegal ta fitar da sukuk na Sefa biliyan 100 a 2014, Togo ta bi a 2016, Najeriya ta gina hanyoyi da shi tun 2017. A nan gida ma Bankin Raya Ƙasashen Musulmi yana cikin waɗanda suka ba da kuɗin tashar Maria-Gléta da aka buɗe a 2019. Djougou kuwa, wadda ayarin fataken goro ke yada zango a cikinta kan hanyar Gwanja, ba yau ta san haɗa jari a raba riba ba. Babin ƙirali yana nan cikin Risala da muke karantawa a zaure.

Sai dai mu ma da namu laifin. Attajiranmu da yawa sun gwammace su binne kuɗi a filaye da manyan motoci, kuma malamanmu kaɗan ne za su iya zama da ma'aikacin banki su bi yarjejeniya shafi-shafi su ce nan halal, nan akwai gyara. Megawat 50 ba za ta ishi ƙasar ba, za a sake kiran masu zuba jari. Kafin lokacin, ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwar Parakou da Djougou su zauna da ma'aikatar kuɗi a Kwatano, su nemi a ware musu kaso ta hanyar sukuk, su kuma tura 'ya'yansu su koyi wannan aiki.