Kwaɗon Challawa da bashin fadamar Guri

A watan Yunin 2020 'yan sandan Kano suka shiga kamfanin casar shinkafa na Popular Farms da ke rukunin masana'antu na Challawa, suka fito da ma'aikata fiye da 100. A cewar rundunar, tun ƙarshen watan Maris, lokacin kullen korona, aka hana su fita. An yi musu alkawarin ɗan ƙari a kan albashi, wanda ya ƙi kuma aka yi masa barazanar kora. Aka kama wasu manajoji, gari ya ɗauka, kwana biyu ƙura ta lafa.

Wannan aikin tilas ne mai ƙofa da kwaɗo, shi ya sa aka gane shi. Wanda ya fi damunmu yana can inda shanshera ke fitowa kafin tirela ta kai ta bakin inji: fadamun Auyo da Kirikasamma da Guri a jihar Jigawa, inda babu katanga balle maigadi.

Mutumin Guri da ruwa yake rayuwa, da noman shinkafa da su da kiwo. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan Kogin Hadejia ta sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, ya koma kwanciya inda ba a gayyace shi ba. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun cinye gonaki a masarautar Hadejia, Guri na cikin wuraren da abin ya shafa. To, manomin da ya karɓi iri da taki da kuɗin man injin ban ruwa a hannun dillali, bisa sharaɗin ba-da-kaka, me zai biya da shi idan kakar ba ta zo ba? Sai bashin bana ya hau kan na baɗi. A shekara ta gaba ba shi da bakin taya farashi, buhunsa na mai bashi ne tun yana tsaye a gona. Idan abin ya yi tsanani, shi da 'ya'yansa su koma ƙwadago a gonar wanda ke binsa, ana cewa ana ragewa, alhali babu takardar da ke nuna nawa aka ci, nawa ya saura. Masunci ma ya san irin wannan tsakaninsa da fatoman da ya saya masa koma.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba kowane dillali ne azzalumi ba. Da yawansu su ne bankin ƙauyen da banki bai taɓa zuwa ba. Haka nan yaron da ya bi mahaifinsa gona ranar da babu makaranta ba bawa ba ne, gayya kuma ba bauta ba ce. Ma'aunin da Yarjejeniya ta 29 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta kafa tun 1930 mai sauƙi ne: shin mutum da son ransa yake aikin, kuma zai iya ajiye shi ba tare da an hukunta shi ba? A ɗora wannan ma'auni a kan almajirin da aka ɗebo aka tsayar a gonar shinkafa tun asuba, yana jan igiya mai gwangwanaye yana ihu don korar jan-baki har faɗuwar rana, kuɗin kuma ya faɗa aljihun wani.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta aikin tilas. Dokar Ƙwadago ta hana mai ba da aiki ya ba ma'aikaci bashin da ya wuce albashin wata guda, saboda gudun irin wannan ɗauri. Akwai hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tun 2003. Sai dai ba kasafai ake jin jami'in duba ƙwadago ya cire takalmi ya shiga taɓon fadama ba.

Saboda haka muke ganin nauyin ya fi hawa kan mai saye. Amsar da aka saba ji ita ce, “Mu daga hannun dillali muke saye.” Wannan ba hujja ba ce. Kamfanin da ke auna danshin shanshera, ya tsince tsakuwa, ya mayar da motar da kayanta ba su yi masa ba, ba zai ce ya kasa tambayar wa ya yanke ta, nawa aka biya shi ba. Hanyar ma a buɗe take: tun Fabrairun 2016 da kamfanin Dangote ya ƙaddamar da shirin noman shinkafa da ƙananan manoma a Hadejia, aka ga cewa ana iya rubuta manomi da sunansa da gonarsa da abin da aka ba shi. Rajistar da ke bin manomi bashi za ta iya ɗaukar ƙarin layi uku: abin da ya rage a kansa bayan kowace kaka, abin da za a yafe ko a jinkirta idan ruwa ya ci gona, da ranar biyan 'yan ƙwadago. A karanta masa da Hausa ko Badanci a gaban bulama, a ba shi kwafinsa. Dillalin da aka kama yana sa yara aikin yini, a daina karɓar kayansa, a kuma faɗa masa dalili.

Masu ganin wannan wahalar banza ce su dubi kasuwar waje. A 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokar hana shigar da duk kayan da aka samar da aikin tilas, za ta fara aiki a Disambar 2027. Riɗi da zoɓon da ake lodi a Maigatari suna cikin kayan da Jigawa ke taƙama da fitarwa, kuma mai saye a Jamus zai nemi shaida a rubuce. Ya kamata gwamnatin jiha da masarautar Hadejia su zaunar da masu injinan casa da ƙungiyoyin dillalai a fitar da takardar bashi iri ɗaya kafin a raba irin noman rani mai zuwa, a fara gwada ta a Guri.