ZIYARAR 'YAN MAKARANTA A GABASHIN SAKKWATO: Ga Ilmi A Ƙofar Gida, Hanya Ta Gagara

Da zarar an kawar da amfanin gona, sanyin hunturu ya fara sauka, to, lokacin da makarantu suka saba fita da yara yawon buɗe ido ya yi ke nan. Akan yi hayar mota, a ɗaure tabarmi da tukwane, malamai biyu ko uku su sa yara a gaba, a yi kwana uku ko huɗu ana zaga wuraren tarihi, ana hawan tuddai, ana kwana a ajin wata makaranta. Wannan al'ada tana nan har yanzu a wasu sassan Nijeriya, musamman a makarantun kuɗi na manyan birane. Amma a gabashin Jihar Sakkwato, watau ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, da wuya a yau a sami shugaban makarantar da zai sa hannu a fitar da yara su kwana a waje, ko kuwa uban da zai amince.

Abin da ya sa wannan batu ya cancanci a tsaya a dube shi shi ne, yankin da ziyarar ta gagara yana cikin wuraren da suka fi ko'ina abubuwan gani a Arewa. Yaron da ke makaranta a Dinawa, cikin Ƙaramar Hukumar Wurno, yana zaune ne tsakanin kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da mahaifar Sardaunan Sakkwato, da ɗaya daga cikin manyan madatsun ruwa na ƙasar nan. Duk da haka yana iya gama sakandare, ya amsa tambayoyi a kansu a jarrabawa, bai taɓa sa su a ido ba.

Tafiya neman ilmi tsohuwar al'ada ce

Masu ɗaukar ziyarar 'yan makaranta wasa ce ta 'yan boko sun manta cewa ƙasar Sakkwato ta san tafiya neman ilmi tun kafin zuwan Turawa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shafe shekaru yana zaga Gobir da Zamfara da Kabi tare da almajiransa, ana karatu ana wa'azi a kan hanya. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu cikin 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda mata ke tasowa daga ƙauyuka ƙungiya ƙungiya, ƙarƙashin jagorancin jaji, su zo su ɗauki karatu su koma su koyar a garuruwansu.

Da makarantun boko suka kafu, sai abin ya sake kama. Ƙungiyar 'yan sikawut ta shigo Nijeriya cikin 1915, ta koya wa yara kafa tanti da girki a fili da taimakon gaggawa. Cikin 1951 aka buɗe cibiyar horas da matasa ta Man O' War, wadda daga baya ta yi reshe a duwatsun Shere kusa da Jos. An kuma buɗe gandun dajin Yankari ga maziyarta cikin 1962, ya zama zangon da makarantu da yawa ke marmarin kai yaransu. Manufa ɗaya ce: yaro ya ga abin da ya karanta, ya kuma koyi zama da jama'a ba a gaban iyayensa ba. Hausawa sun riga sun taƙaita zancen da suka ce gani ya kori ji.

Abin da kwana uku za su nuna wa yaro

Alal misali, a ce wata makaranta ta tashi daga Dinawa. Zangon farko Wurno ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya gina garin ya zama ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, don tare hare-haren Gobirawa da Azbinawa, ya zauna a ciki, ya kuma rasu a nan cikin 1837. Sarakunan da suka biyo baya da dama sun riƙa zama a Wurno, har da ɗansa Aliyu Babba, wanda a zamaninsa ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a garin cikin 1853. Yaron da ya tsaya kan tudun Wurno ya hango fadamar Rima shimfiɗe a ƙasa, zai gane da kansa dalilin da ya sa aka zaɓi wurin: tudu don tsaro, fadama don abinci. Darasin da malami zai yi mako yana fama da shi a allo ke nan.

Zango na biyu Rabah ce. A nan aka haifi Sir Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato, aka naɗa shi hakimin Rabah cikin 1934, ya zama Sardauna cikin 1938, sa'an nan Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 har zuwa ran 15 ga watan Janairu, 1966, da aka kashe shi a Kaduna. Ɗan ƙauye da ya ga girman Rabah da idonsa zai san cewa ba lalle sai ɗan birni ke zama wani abu ba.

Zango na uku Goronyo. Madatsar ruwan da ke kan Gulbin Rima an gama gina ta cikin 1984, aka buɗe ta cikin 1992. An tsara ta ne ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, don noman rani da kuma shayar da Sakkwato da Birnin Kebbi. A bakinta malamin labarin ƙasa zai iya nuna yadda ruwan Bunsuru da na Gagere da na Gulbin Maraɗi, wanda ke tashi daga ƙasar Katsina ya ratsa Jamhuriyar Nijar ya dawo, suke haɗuwa su zama Rima. Zai kuma iya ba da labarin ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta cinye ƙauyuka da gonaki, ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, don yara su san cewa madatsa amana ce mai bukatar kulawa.

Akwai kuma abin da ko manya ba kowa ya sani ba. Fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, a ƙididdigar masana, teku ce ta rufe wannan yanki. Masana ilmin duwatsu sun raɗa wa shimfiɗun dutsen wurin sunayen Taloka da Dukamaje da Wurno. A cikinsu aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kada, wadda masu bincike daga Italiya suka sa wa suna Goronyosaurus cikin 1972, watau ƙadangaren Goronyo. Dutsen farar ƙasa da masana'antar siminti ta Kalambaina ke amfani da shi tun 1967 shi ma saura ne na tsohuwar teku. Sunan Goronyo yana cikin littattafan jami'o'in Turai, amma yaran Goronyo kaɗan ne aka taɓa kaiwa gefen tudun nan aka ce su duba ƙarƙashin ƙafarsu.

Abin da ya tsai da tafiya

Dalili na farko, wanda ya danne sauran, shi ne rashin tsaro. Tun daga sace 'yan matan Chibok 276 cikin 2014, taron 'yan makaranta ya zama abin farauta. An ɗebe yara fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, abin da ya sa Gwamnatin Jihar Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 da ke kan iyakoki a cikin watan. An kwashe 'yan mata 279 a Jangebe cikin Fabrairu 2021, aka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri cikin Yuni na shekarar. A yankin da ake magana kansa, an kai hari ƙasar Gandi ta Rabah cikin Yuli 2018, an buɗe wuta a kasuwar Goronyo cikin Oktoba 2021 aka kashe mutum fiye da 40, an kuma sace almajirai 15 a Gidan Bakuso ta Ƙaramar Hukumar Gada cikin Maris 2024. Uban da ya ji waɗannan ya hana ɗansa tafiya bai yi laifi ba.

Na biyu kuɗi ne. Bayan janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500, har ta wuce Naira 1,000 a wurare da dama cikin 2024. Kuɗin hayar mota ya bi sahu. Makarantar gwamnati ta ƙauye, wadda alli ma sai an yi dabara, ba ta da inda za ta samo su, manomi kuwa ba zai sayar da buhun gero don ɗansa ya tafi kallon madatsa ba.

Na uku shi ne raunin da darasin tarihi ya yi. An cire shi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, sai cikin 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da maido shi. A tsakanin nan an yaye malamai da yawa waɗanda su kansu ba a kai su ko'ina ba. Malamin da bai san Wurno ba ba zai yi sha'awar kai yara Wurno ba.

Akwai kuma haɗarin ruwa, wanda bai kamata a raina ba. Cikin Agusta 2025 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Duk shirin da ya haɗa yara da gulbi sai an yi la'akari da wannan.

Ra'ayi biyu

Wasu na ganin a rufe zancen ɗungurungum sai ƙura ta lafa, tun da an ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin babu darasin da ya kai ran yaro ɗaya. Wasu kuwa na cewa matsalar ta shekara da shekaru, yaron da aka sa aji ɗaya lokacin harin Gandi yanzu yana sakandare, in aka ce sai an jira, za a yaye zuriya guda wadda ba ta san ƙasarta ba sai ta labarin 'yan bindiga. Daɗin daɗawa, 'ya'yan masu hali ba su daina tafiya ba, ana kai su Abuja da Legas har da ƙasashen waje. Ashe ɗan talaka ne kaɗai aka tsare a gida.

Kowane ɓangare yana da gaskiya, kuma ba dole ne a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya ba. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar cewa ziyara ba ta cika sai an yi nisa an kwana a daji.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, kamata ya yi Ma'aikatar Ilmi ta Jiha ta fitar da rubutacciyar ƙa'ida, maimakon a bar kowane shugaban makaranta da nauyin a wuyansa. Nijeriya ta riga ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu cikin 2015, ta kuma fitar da manufar ƙasa kan tsaron makarantu cikin 2021, saura a fassara su zuwa abin da hedimasta zai iya bi: iznin iyaye a rubuce, adadin yaran da malami ɗaya zai kula da su, malama mace ga 'yan mata, akwatin magani, da shawarar jami'an tsaro da ta hakimi a ranar tafiya, ba mako guda kafin ta ba. Inda aka ce sai da rakiyar bindiga za a iya zuwa, to, wurin bai isa kai yara ba tukuna.

Na biyu, a tsinka kwana ukun nan su zama yini uku dabam dabam, a fita bayan hantsi a dawo kafin la'asar, ƙungiya ƙarama, ba tare da shela ba. Makarantar Dinawa ta fara da abin da ke kusa da ita, fadama da masu noman albasa da shinkafa, sa'an nan Wurno. In kwana ya zama dole, a yi shi cikin birnin Sakkwato, inda Hubbaren Shehu da Fadar Sarkin Musulmi da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da filin Giginya, wurin da aka gwabza da Turawa ran 15 ga watan Maris, 1903, suke kusa da juna.

Na uku, kada a sa yaro cikin jirgi sai da rigar kariya daga nutsewa da kuma amincewar Sarkin Ruwa. Kallon madatsa daga tudu ya wadatar.

Na huɗu, ƙananan hukumomi uku na iya haɗa hannu su ware mota ɗaya da kuɗin mai, makarantu su riƙa karɓa bi da bi. Ɗaliban tarihi da na ilmin duwatsu na jami'a da na Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari kuwa su zama 'yan jagora, a lissafa musu cikin aikin koyarwa na gwaji. A fara kai malamai kafin a kai yara.

Babu mai cewa ziyarar 'yan makaranta za ta kawo ƙarshen ta'addanci, wannan aikin Gwamnati ne da jami'an tsaro. Amma ma'aikacin da ke riƙe da fayil a Ma'aikatar Ilmi, da ɗalibin da zai zama malami gobe, ya kamata su san cewa ana iya auna dawowar zaman lafiya da wannan ma'auni. Ranar da motar 'yan makaranta ta tashi daga Dinawa ta kwana a Goronyo, iyaye suka yi barci da ido biyu rufe, ranar ce za a ce gabashin Sakkwato ya koma hannun mutanensa. Kafin zuwan ranar, a kai yara inda za a iya kai su.