Lyle Thompson da tutar da Olamfik ba ta sani ba

A watan Oktoban 2023 Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince a saka wasan lakuros cikin gasar da za a yi a Los Angeles a 2028. Rabon da a raba lambobin yabo a kan wasan a Olamfik tun 1908. Sai dai a yadda doka take a yau, Lyle Thompson, wanda masana da dama ke ɗauka gwanin zamaninsa, ba zai iya shiga fili ƙarƙashin tutar mutanensa ba, alhali kakanninsa ne suka ƙirƙiro wasan.

Ana buga lakuros ne da sanda mai ƙaramar raga a kanta, wadda ɗan wasa ke cafe ƙwallon roba da ita, ya ruga, ya wurga cikin ragar abokan karawa. Asalinsa daga 'yan asalin Arewacin Amurka ne, musamman Haudenosaunee, ƙawancen al'ummomi shida da yankunansu ke jihar New York da kudancin Kanada. Wasan Mahalicci suke kiransa, suna kuma buga shi don nema wa marasa lafiya waraka. A al'adance akan ajiye wa jariri ƙaramar sandar katako a shimfiɗarsa, kuma idan ɗan wasa ya rasu akan binne shi da tasa.

Cikin wannan al'ada aka haifi Thompson a 1992, a al'ummar Onondaga. Shi ne ƙarami cikin 'yan'uwa maza huɗu da duk suka zama ƙwararrun 'yan wasa. A Jami'ar Albany ya karɓi kyautar Tewaaraton, mafi daraja ga ɗalibai, a 2014 tare da yayansa Miles, sannan shi kaɗai a 2015. Ya bar jami'a da maki 400, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa kafin shi a babban rukunin jami'o'in Amurka. Ƙungiyar Georgia Swarm ta ɗauke shi, a 2017 kuma ta ci kofi, shi kuwa aka zaɓe shi gwarzon shekara.

Nasarar ba ta kare shi daga wulaƙanci ba. A Janairun 2019, ana tsaka da wasa a Philadelphia, mai sanarwa a filin ya yi kira ta lasifika da a datse masa dogon kitsonsa. An sallami mutumin daga aiki, amma maganar ta fama tsohon miki, domin aske gashin yara na cikin abin da aka fara yi wa 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana don a shafe harshensu da al'adarsu.

Wanda ya fahimci nauyin wannan kitso zai gane abin da ya sa mafitar da Kwamitin Olamfik ya nuna ba mafita ba ce. Kwamitin ya ce ƙasashen da ke da kwamitin Olamfik da aka amince da shi ne kawai ke turo tawaga, don haka sai dai Amurka ko Kanada su ɗauki 'yan wasan Haudenosaunee. To, waɗannan mutane sun riga sun nuna matsayinsu. A 2010 Birtaniya ta ƙi karɓar fasfonsu domin gasar duniya ta Manchester, suka gwammace su rasa gasar da su yi tafiya da fasfon Amurka ko na Kanada. Hukumar lakuros ta duniya kuwa ta daɗe da karɓarsu a matsayin ƙasa: tun 1990 suke shiga gasarta, sun kuma zo na uku a 2014 da 2018 da 2023.

Hujjar kwamitin ba ta banza ba ce. Idan aka buɗe ƙofa ga wata al'umma, wasu masu neman cin gashin kai za su yi layi. Amma kwamitin da kansa ya nuna cewa dokarsa na lanƙwasuwa idan ya ga dama, tunda ya kafa tawagar 'yan gudun hijira a 2016, kuma Puerto Rico na shiga da tutarta ba tare da 'yancin kai ba. Ƙari a kan haka, ƙasashen da za a ce an taɓa musu iko, wato Amurka da Kanada, gwamnatocinsu sun fito sun goyi bayan buƙatar a zamanin Joe Biden da Justin Trudeau. Keɓancewa ɗaya, a wasa ɗaya, ga mutanen da suka haifi wasan, ba za ta rushe tsarin Olamfik ba.

'Yan wasa ma sun riga hukumomi fahimta. Da aka bar Haudenosaunee a waje wajen zaɓen ƙungiyoyin Wasannin Duniya na 2022 a Birmingham ta jihar Alabama, tawagar Ayalan ce ta janye da kanta ta ba su gurbinta. Ba a tsammanin irin wannan karamci zai wadatar a Los Angeles, domin can ba gurbi ake nema ba, izinin kwamiti ake jira. Lokacin da za a buɗe gasar a Yulin 2028, Thompson zai kasance yana da shekara 35.